LED, T5 ko Halaid: Wace Fitila Ce Ta Dace da Tankin Ruwan Teku a Ƙasar Zafi?

Duk wanda ya taɓa ajiye kifin ruwan daɗi a tankin gilashi ya san fitila ba ta da wani nauyi a lissafinsa. A ɗora doguwar fitila ɗaya, kifi ya fito a gan shi, shi ke nan. Ranar da mutum ya ƙetara zuwa ruwan gishiri, musamman idan ransa ya biya da murjani mai rai, sai lissafin ya juye gaba ɗaya. Sau da yawa fitilar ce ke cinye kaso mafi tsoka na kuɗin da aka ware, kuma ita ce wurin da sabon shiga ya fi yin asara, ko dai ya sayi wadda ta fi ƙarfin buƙatarsa, ko ya sayi mai kyau ya saita ta yadda za ta kashe abin da ya saya dominsa.

Dalilin yana cikin jikin murjanin. Dabba ce, ba tsiro ba, amma a cikin namanta akwai wata irin gansakuka ƙanana, kowace ƙwayar halitta ɗaya ce, da ake kira zuzanteli. Su ke karɓar haske su haɗa sukari, su ba murjanin kaso mai yawa na abin da yake rayuwa a kai, shi kuma ya ba su mafaka. Haske ya yi kaɗan, murjani ya rame a hankali, ya koma ruwan ƙasa. Haske ya yi yawa, gansakukar ta shiga fitar da sinadarai masu ƙona nama, sai murjanin ya kore ta daga jikinsa ya koma fari fat. Na farkon yana ɗaukar watanni kuma ana gyara shi. Na biyun yana iya faruwa cikin kwanaki. Wannan bambanci shi ne abin da nake so mai karatu ya riƙe tun daga nan, domin a kansa duk shawarar da ke tafe ta tsaya.

Me za ka ajiye a ciki?

Ba a fara zancen fitila sai an amsa wannan. Idan kifi kaɗai za ka ajiye, da duwatsu, to kusan duk wata fitilar LED mai haɗin fari da shuɗi, wadda aka yi don ta jure laima, ta wadatar. Kifi ba ya cin haske. Abin da yake so shi ne ya san dare ya san rana. Wanda ke wannan rukunin kada ya bari wani ya sayar masa da fitilar murjani. Ya kai kuɗin wajen famfo mai kyau da batir.

Masu murjani kuwa hawa uku ne. Akwai murjani mai laushi, wanda ba shi da ƙashin dutse, irin su Zoanthus da Discosoma da Sarcophyton. Akwai mai ƙashin dutse mai manyan bakuna da nama mai kauri, wanda masu sayarwa ke rubuta wa LPS, kamar Euphyllia. Sai mai ƙashin dutse mai ƙananan bakuna, SPS, wanda sarkinsu shi ne Acropora, mai rassa kamar ƙahon barewa, kuma shi ne ya fi kowa son haske da rashin haƙuri.

Ma'aunin da ake amfani da shi sunansa PAR. Yana ƙirga yawan hasken da tsiro zai iya amfani da shi, tsakanin nanomita 400 zuwa 700 a ma'aunin launin haske, wato daga shunayya zuwa ja, wanda ke sauka a kan wuri a kowace daƙiƙa. Rana tsaka a fili tana ba da kusan 2000. A cikin tanki, murjani mai laushi yana jin daɗi tsakanin 50 zuwa 150, LPS tsakanin 75 zuwa 200, SPS kuma daga 200 zuwa 400. Anemon, wata dabbar teku mai kama da fure, wanda kifin Amphiprion, mai ruwan goro da ratsin fari, ke kwanciya a cikinsa, shi ma yana son haske mai ƙarfi, haka manyan kifin kwanson nan na Tridacna. Amma kifin kansa ba ya buƙatar anemon kafin ya rayu lafiya. Mutane da yawa sun jefa kansu cikin tsadar fitila don kawai sun ɗauka dole ne a haɗa su.

Tsohuwar ƙa'idar nan ta "wat kaza a kowace lita" a ajiye ta gefe. Wat yana faɗin wutar da fitila ke sha, ba hasken da ke isa ƙasan ruwa ba.

Sai launi. Ruwan teku yana shanye jan haske tun a 'yan mitocin farko, shuɗi ne ke nutsewa can ƙasa, don haka gansakukar murjani ta fi cin moriyar shuɗi da shunayya, wajajen nanomita 420 zuwa 470. Shi ya sa tankunan murjani suke shuɗi shar. Lambar Kelbin da ke jikin kwali launi take nunawa, ba ƙarfi ba: 6,500 fari ne mai ɗan rawaya irin na hantsi, 10,000 fari tas, 14,000 fari mai shuɗi, 20,000 shuɗi sosai. Ido yana ganin shuɗin haske kamar ba shi da ƙarfi, alhali murjani yana jin sa da zafi. Wannan ruɗin ido ya ƙona murjani fiye da yadda ake zato, domin mai tanki yakan duba ya ga kamar da duhu, ya ƙara murɗawa.

Halaid

Fitilar metal halaid ita ce ta raini wannan sana'a. Kafin LED ta yi ƙarfi, da yawa daga waɗanda suka shahara da Acropora da ita suka shahara. Ƙwai ne guda mai ƙarfin wat 150, 250 ko 400, a cikin madubi mai faɗi, haskensa yana ratsa ruwa mai zurfi, kuma da yake daga wuri ɗaya yake fitowa, yana zana layukan nan masu rawa a kan yashi kamar yadda rana ke yi a bakin teku. Babu wani saiti: a kunna, a kashe. Har yau akwai ƙwararrun da ba su yarda an samu abin da ya kai ta girmar da murjani ba, kuma ban ga dalilin yi musu musu ba.

Sai dai ban ba kowa shawarar ta ba a Kano, Sakkwato, Maraɗi ko Yamai. Zafinta ya isa hujja. Tankin murjani yana son ruwa ya tsaya tsakanin digiri 24 zuwa 26, mu kuwa a watannin Maris zuwa Mayu iskar waje tana haura 40. Halaid tana zuba zafi kai tsaye a kan ruwa, ta ɗumama ɗakin, sannan ta tilasta maka sayen na'urar sanyaya ruwa wadda ita ma take shan wat ɗari biyu ko fiye, ta kuma huro nata zafin cikin ɗakin. Ga halinta da ɗaukewar wuta: idan ta mutu tana da zafi ba ta sake kamawa sai ta huce, minti biyar zuwa sha biyar, kuma kowace kunnawa tana rage wa ƙwan kwana. A unguwar da ake kawo wuta a ɗauke sau huɗu kafin la'asar, ƙwan da ya kamata ya yi wata tara zuwa shekara ba zai kai ba. Idan wutar ta zo da rauni, sai ta riƙa ƙyaftawa ko ta mutu. Ƙwan mai kai biyu kuma dole ne a sa masa gilashin kariya, saboda yana fitar da hasken UV mai cutar da ido da murjani. Wanda ke da wuta tsayayya da ɗaki mai AC dare da rana, da tanki mai zurfin da ya wuce santimita 60, shi ne kaɗai zai yi tunaninta.

T5

Wannan doguwar fitila ce siririya, 'yar uwar ta ofis, amma an yi ta da ƙarfi da launin da ya dace da teku. Tsawonta shi ke faɗin ƙarfinta: wat 24 ga tankin santimita 60, wat 39 ga na 90, wat 54 ga na 120, wat 80 ga na 150. Ana jera huɗu, shida ko takwas, kowace da madubinta. Kamfanin ATI na Jamus shi ne ya fi suna a nan, da ƙwayayensa Blue Plus da Coral Plus, waɗanda ake gwamutsawa har a samu launin da ake so.

Ina ganin T5 ita ce fitilar da ta fi yafe wa sabon shiga kuskure, kuma ba a faɗin wannan yadda ya kamata. Haskenta shimfiɗaɗɗe ne, yana zuwa daga kowane ɓangare, daga wannan ƙarshen tanki zuwa wancan. Babu wurin da ya yi zafi ƙwarai, babu inuwa mai duhu. Murjani mai rassa yana samun haske har a ƙarƙashin rassansa, don haka gindinsa ba ya mutuwa yayin da kansa ke girma. Kuma ba ta da maɓallai goma da za su ja hankalinka ka riƙa taɓawa. Abin da ta rasa shi ne rawar haske a kan yashi. Tankin yakan fito lumui, wasu suna ganin kamar hoto.

Matsalarta ƙwai. Ko da yana ci, ƙarfinsa da launinsa suna raguwa, don haka ana sauya shi duk wata tara zuwa sha biyu. Shida a shekara, kowace shekara. A Jamus ko Amurka wannan kuɗi ne kawai. A wurinmu kuɗi ne da jigila: gilashi siriri mai tsawon mita ɗaya da ɗoriya, wanda zai hau jirgi ya sauka Legas ko Abuja, ya hau mota, ya iso lafiya. Ƙwan T5 na shagon kayan wuta ba zai maye gurbinsa ba, launinsa na ofis ne. Sannan tun watan Agustan 2023 Tarayyar Turai ta hana shigar da dogayen fitilun T5 da T8 na amfanin yau da kullum kasuwa saboda sinadarin makuri da ke cikinsu. Masana'antun da ke yin irin wannan gilashi suna raguwa, kuma abin da ya ragu a masana'anta tsada yake yi. Wanda zai sayi gidan T5 yau ya sayi ƙwayayen shekara biyu tare da shi, ya kuma sani cewa idan ɗaya ya fashe ba a share shi da hannu a ɗaki rufe.

LED

Shuɗiyar LED mai ƙarfi, wadda Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura suka samu kyautar Nobel a kanta a 2014, ita ce ta buɗe wannan ƙofa, domin launin da ta fi iya fitarwa, wajajen nanomita 450, shi ne daidai abin da murjani ke nema. Yau mafi yawan sabbin tankuna da ita ake kafa su.

Amfaninta a bayyane yake: wuta kaɗan, zafi kaɗan a kan ruwa, babu sauya ƙwai, ana rage ta ana ƙara ta, tana kamawa nan take idan wuta ta dawo, kuma inbata da sola suna ɗaukar ta ba tare da kuka ba. Masu yin ta suna rubuta awa 50,000, wato fiye da shekara 13 idan ana kunna ta awa goma a rana. Kada a ɗauki wannan da muhimmanci sosai. Fanka da akwatin wutarta su ke riga ƙwayayen mutuwa, zafi kuma yana rage wa ƙwayayen haske a hankali. A yi lissafi da shekara biyar zuwa bakwai, abin da ya ƙaru riba ce.

Aibinta biyu ne, kuma na gaske ne. Na farko, haskenta a tattare yake. Daidai ƙarƙashin fitilar PAR yana iya kai 400, taku ɗaya a gefe ya faɗi ƙasa da 100. Murjani mai rassa yana yi wa kansa inuwa, gindinsa ya yi fari. Na biyu, sauƙin sarrafa ta shi ne tarkonta. Mutum yana da manhaja a waya mai layuka bakwai ko takwas na launi, yau ya ƙara ja, gobe ya ga hoton wani ya kwaikwayi saitinsa, jibi ya koma. Murjani yana ɗaukar makonni kafin ya daidaita jikinsa da haske guda. Wanda ake sauya masa kullum ba ya taɓa zama.

A kasuwa hawa biyu ne da tsaka-tsaki. A sama akwai irin su EcoTech Radion, AquaIllumination mai Prime da Hydra, Kessil A360X, da Red Sea ReefLED. Ƙaramar Prime wajen wat 55 take sha, ta ishi ƙaramin tanki mai santimita 45 zuwa 60. Kessil A360X da ReefLED 90 suna wajen wat 90, kowace tana rufe kimanin santimita 60 a 60, ƙasa da haka idan SPS ne. Abin da kake biya a nan shi ne haɗuwar launi mai kyau, fitowa da faɗuwar haske a hankali, da saiti da aka riga aka gwada, kamar AB+ na Radion. A ƙasa kuma akwai baƙaƙen akwatunan nan na China, irin su Viparspectra da Mars Aqua, masu rubutun wat 165. Lissafin ƙwai 55 ne sau wat uku. Abin da suke sha a zahiri ya fi kusa da ɗari. Layi biyu gare su, fari da shuɗi. Kada a raina su: suna girmar da murjani, har SPS. Amma haskensu yana sauka a tattare ƙwarai, launukan ba sa haɗuwa sosai har sai an ɗaga su sama, fankarsu tana da ƙara, kuma idan suka lalace babu wanda za ka kira.

Akwai kuma masu haɗa biyun: LED a tsakiya, T5 biyu ko huɗu a gefe, don a samu rawar haske da shimfiɗa lokaci guda. Ga tankin Acropora zalla, wannan shi ne mafi kyau da na sani. Ga mafi yawanmu kuwa wahala biyu ce a kan tanki ɗaya. Dogayen sandunan LED da ake yi yanzu suna cike inuwar ba tare da jigilar gilashi ba.

Lissafin wuta

A ɗauki tanki mai tsawon santimita 120, faɗi 50, zurfi 50, wato lita 300, ana kunna fitila awa takwas. Halaid biyu masu wat 250 za su sha yunit 4 a rana, 120 a wata. T5 shida masu wat 54, wat 324 ke nan, kimanin yunit 78 a wata. LED biyu masu wat 90, ko an buɗe su gaba ɗaya, yunit 43, kuma da wuya a buɗe su gaba ɗaya. Da farashin naira 225 kowane yunit da aka sa wa 'yan rukunin Band A, waɗanda suka fi samun wuta a Najeriya, a watan Afrilun 2024, wannan ya kama naira 27,000, da 17,550, da ƙasa da 10,000. Ba a sa kuɗin sanyaya ruwa ba, ba a sa ƙwai ba, ba a sa man janareta ba. Ga mai sola kuma bambancin wat 500 da wat 180 shi ne bambancin girman inbata da yawan batir.

To ga inda na tsaya. Mai kifi zalla: LED mai sauƙi. Mai murjani mai laushi da LPS, wanda shi ne ya kamata kowa ya fara da shi: LED da ake iya ragewa, ta tsakiya ko baƙin akwati, a buɗe ta rabi. Mai niyyar SPS: LED masu kyau, a fi yawaita adadinsu a rage ƙarfin kowace, domin fitila uku a kashi 50 sun fi biyu a kashi 90 shimfiɗa haske. T5 ga wanda ke da tabbatacciyar hanyar samun ƙwai. Halaid a bar wa ƙasashen sanyi.

Wani zai ce ga rana kyauta Allah Ya ba mu, me zai hana a ajiye tankin bakin taga? Gonakin murjani a Indonesiya da rana suke aiki, gaskiya ne, amma a cikin teku, inda ruwa ba ya ɗumama cikin awa biyu. Lita 300 a bakin taga a watan Afrilu za ta haura digiri 30 kafin azahar, gilashin kuma ya rufe da kore. A nisanta tanki daga rana kai tsaye.

Tambayoyin da za ka yi kafin ka biya

Tallan waɗannan fitilu an rubuta shi ne don mutanen da ba a ɗauke musu wuta, don haka akwai abubuwan da ba za ka gani a kwali ba. Babba a cikinsu: idan wuta ta ɗauke ta dawo, fitilar tana tuna lokaci da saitinta? Wasu suna da ɗan batir a ciki mai riƙe agogo. Wasu sai sun haɗu da intanet ko waya kafin su gane ƙarfe nawa. Wasu kuma, musamman masu araha, sukan dawo a kashe, ko su dawo da cikakken ƙarfi ƙarfe biyun dare. Agogon soket mai juyawa shi ma tsayawa yake idan babu wuta, sai lokacinsa ya zame. A nemi mai lamba mai batir. Sannan a duba akwatin wutar: wanda aka rubuta bolt 100 zuwa 240 zai yi aiki da wutarmu ta 230, amma kayan da aka yi wa kasuwar Amurka kaɗai, musamman gidajen T5 da halaid, na 120 ne, suna ƙonewa nan take. A sa abin kariya daga tashin wuta, ko mafi kyau a bar fitilar a kan layin inbata.

Sai fanka. Ƙurar hunturu tana toshe ta, ƙwayayen su yi zafi, haskensu ya ragu ba tare da ka lura ba. Wadda ake iya buɗewa a share da buroshi ta fi wadda aka rufe ruf.

Ratayewa da saiti

A rataye LED santimita 20 zuwa 30 sama da ruwa. Baƙin akwati 30 zuwa 40. Ɗagawa yana rage ƙarfi amma yana faɗaɗa haske ya haɗa launuka, ya kuma nisanta fitilar daga feshin gishiri, wanda ke cin ƙarfe yana dusashe gilashi. Murfin gilashi a kan tanki yana riƙe zafi, gishiri ya bushe a jikinsa ya tare haske. Raga ta fi, tana hana kifi tsalle waje, tana barin ruwa ya sha iska. Fanka ƙarama da ke hura saman ruwa tana sauke zafi digiri ɗaya zuwa biyu, kuma a busasshiyar iskar arewa ta fi aiki fiye da Legas. Sai dai ruwa zai riƙa ƙafewa da sauri, gishiri kuwa ba ya tashi, don haka da tataccen ruwa marar gishiri ake cikewa kullum, don ma'aunin gishirin ruwan ya tsaya a 1.025 zuwa 1.026.

Kowace waya ta sauko ƙasa da soket kafin ta hau ta shiga, don ɗigon ruwa ya faɗi ƙasa maimakon ya bi ta. A sa mai gyaran wuta ya ɗaura abin katse wuta idan lantarki ya zurara, mai milli-amfiya 30, a layin tankin. Ruwan gishiri yana ɗaukar lantarki sosai, kuma hannunka zai riƙa shiga cikinsa. Yara kuma a hana su leƙa ƙwayayen daga ƙasa.

A saitin launi, a buɗe shuɗi da shunayya su zama ginshiƙi, fari ya zama kamar kashi ɗaya cikin huɗu nasu ko yadda ido ya gamsu, ja da kore kaɗan ƙwarai. Idan fitilar ta zo da saitin kamfani, a fara da shi. Awa takwas zuwa goma sun isa, da awa ɗaya ta fitowa da ɗaya ta faɗuwa, don kifi ba ya son a watsa masa haske farat ɗaya. Da dare a bar su cikin duhu. Ɗan shuɗin nan na "hasken wata" awa ɗaya ko biyu ya wadatar.

Wane lokaci na yini? Nan akwai ja-in-ja, kuma amsar ta danganta da gidanka. Mai sola zai so ya kunna daga hantsi zuwa la'asar, lokacin da faranti ke ba da wuta ba tare da an taɓa batir ba, amma lokacin ne ɗaki ya fi zafi. Wanda ya matsar da shi daga la'asar zuwa sha ɗayan dare ya kauce wa zafin, ya kuma samu ganin tankinsa bayan ya dawo daga aiki, amma batir ne zai biya. Da LED mai wat ɗari da 'yan kai, na fi karkata ga na biyun, musamman a bazara. Ko wanne ka zaɓa, ka tsaya a kansa.

Sabuwar fitila ko sabon murjani, ƙa'idar ɗaya ce: a fara ƙasa. Kashi 30 zuwa 40, a riƙa ƙara kashi biyar a mako. Sabon murjani a ajiye shi a kan yashi tukuna, a riƙa hawar da shi a hankali. Ka tuna tafiyar da ya yi: gaɓar tekun Afirka ta Yamma ba ta da manyan duwatsun murjani irin na Bahar Maliya da mutanen Port Sudan da Jidda suka sani, don haka duk wanda ya iso hannunka ya kwana a jaka cikin duhu, kuma idan mai ƙashin dutse ne, sai da takardar CITES, yarjejeniyar duniya kan cinikin dabbobi da tsirran da ake karewa, ya halatta ya ƙetare iyaka. Abin da ya sha wannan wahala bai cancanci a ƙona shi a makon farko ba. Idan ya buɗe, launinsa ya riƙe, lafiya. Idan ya tsuke da rana ko samansa ya fara kodewa, a rage. Idan ya yi ruwan ƙasa yana miƙewa sama, a ƙara kaɗan. Na'urar auna PAR, irin Apogee MQ-510, tana da tsada ga mutum ɗaya, amma awo ɗaya ake buƙata. Masu tanki biyu ko uku suna iya haɗa kuɗi. Manhajar auna haske ta waya ba ta karanta shuɗi daidai.

Abubuwa biyu suna ƙara ƙarfin haske ba tare da ka taɓa fitila ba: sabon gawayin tace ruwa, wanda ke cire rawayar ruwa dare ɗaya, da sabbin ƙwayayen T5. A sa gawayi kaɗan-kaɗan, ƙwai kuma a sauya biyu-biyu da tazarar mako biyu. Zafi shi ma yana haɗa kai da haske: murjanin da ke jure PAR 250 a digiri 25 yana iya fari a kan wannan hasken a digiri 29. Duk ranar da ma'aunin zafi ya haura 28, a rage fitila kashi 20 zuwa 30 har zafin ya sauka. Gansakuka kuma idan ta mamaye tanki, kafin a ɗora wa fitila laifi a auna naitiret da fosfet, sinadaran da ke ciyar da ita, a duba yawan abincin da ake zubawa da irin ruwan da ake cikewa da shi.

Idan wuta ta daɗe ba ta dawo ba, batir ya fara ƙasa, fitila ce farkon abin da za a kashe. Murjani yana jure kwana biyu zuwa uku cikin duhu. Masu tanki ma da gangan suke rufe shi kwana uku don su karya gansakuka. Amma idan ruwa ya daina motsi, iskar da ke cikinsa tana ƙarewa cikin awoyi, kuma ruwa mai ɗumi ya fi saurin ƙarar da ita. Don haka famfon juya ruwa shi ne zai zauna a kan batir har ƙarshe, da ɗan injin kumfa mai batir a ajiye kusa. Bayan duhun da ya wuce kwana biyu, a dawo da fitilar a rabin ƙarfinta, a mayar da ita inda take cikin kwana huɗu ko biyar.